Tambayoyi da amsoshi kan gina mol mai bishiyoyi da filin zaman jama'a

Waɗannan tambayoyin su ne suka fi fitowa duk sanda aka ɗauko zancen manyan rukunin shagunan zamani da ake ce wa mol, galibi daga ɗaliban zanen gini da masu fili da ke shirin zuba shaguna. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu sai an ɗan yi haƙuri.

Wai me ake nufi da mol mai haɗe da lambu? Ba tukwanen filawan nan ba ne da ake jerawa a bakin ƙofa?

A'a. Tukwanen filawa ado ne kawai, in manaja ya ga dama gobe sai ya sa a kwashe su a dasa kiyos ɗin sayar da waya a wurin. Abin da ake nufi shi ne tun a takarda, kafin a haƙa fandisho, an ware wa bishiya da inuwa da wurin zama nasu kason, an lissafa nauyin ƙasar da za a zuba, an san inda ruwan ban-ruwa zai fito da inda zai bi ya fita, an kuma san ta ina mai tafiya a ƙasa zai shigo daga titi ba sai ya ratsa tsakiyar motoci a cikin rana ba. Ni dai ma'aunina ɗaya ne, mutumin da ba ko sisi a aljihunsa zai iya shiga ya zauna a inuwa ya huta ba wanda ya zo ya tsaya masa a ka? In zai iya to an yi abin. In ba zai iya ba, ko bishiya dubu aka dasa kanti ne kawai mai ganye.

Akwai inda aka yi shi da gaske, ko duk zanen kwamfuta ne?

Akwai, kuma wanda na fi son kawo wa mutane shi ne Namba Parks da ke birnin Osaka a Japan. Wurin da can filin wasan besbol ne, na ƙungiyar Nankai Hawks, da aka sayar da ƙungiyar a 1988 ta koma Fukuoka sai filin ya zama ba aikin yi, har akwai lokacin da aka jera gidajen gwaji na talla a tsakiyarsa kujerun 'yan kallo na kewaye da su. Daga baya aka rushe shi. Kamfanin jirgin ƙasa na Nankai, wanda tasharsa ta Namba ke manne da wurin, shi ya kawo Jon Jerde, wani Ba'amurke mai zanen gini, aka buɗe kashin farko a 2003, na biyu a 2007.

Dabarar Jerde ita ce bai ɗora lambun can ƙololuwa inda sai ka hau lif ka nemo shi ba. Lambun daga kusa da titi yake farawa, yana hawa bene-bene kamar matakala, kowane hawa ya ɗan ja baya ya bar wa na ƙasansa fili, a haka har hawa takwas. Kana tafiya tsakanin itatuwa da duwatsu da 'yan ƙoramu da ruwa mai zubowa, ga benci nan da can, sai ka waiga ka ga ashe ka yi sama da titi sosai, jiragen ƙasa na shige da fice a ƙasanka. Kuma a kowane hawa akwai ƙofar da za ta shigar da kai cikin shaguna ko gidajen abinci, wato lambun shi kansa hanya ce, ba wani lungu ba ne da aka keɓe. Ta tsakiyar ginin kuma ya tsaga wata hanya a buɗe mai lanƙwasa, bangonta da zane-zanen launin ƙasa kamar kwazazzabo, iska da haske na shiga. Har alamar inda mai bugun ƙwallo yake tsayawa a tsohon filin sun saka a daɓe don tsofaffin magoya baya.

Abin da ya sa nake ganin ya fi sauran, unguwar Namba cunkus take da siminti da kwalta, ba wani koren wuri na kirki, to sai ga shi ɗan kasuwa ya ba unguwar abin da ba ta da shi kuma shi ma bai yi asara ba.

To me ya sa yawancin mol suke a rufe ruf, ko taga babu?

Wannan tarihi ne mai ɗan ban tausayi. Mutumin da ake dangantawa da mol rufaffe sunansa Victor Gruen, ɗan Biyana ta ƙasar Ostiriya, Bayahude ne da ya gudu Amurka a 1938 lokacin 'yan Nazi. Shi ya zana Southdale Center a garin Edina na jihar Minnesota, aka buɗe a 1956, gini guda rufaffe mai na'urar daidaita zafi da sanyi, don can sanyin hunturu ba wasa ba ne. A tsakiya ya sa fili mai itatuwa da tafkin kifi da kejin tsuntsaye da wurin shan kofi. Shi a ransa dandalin gari yake son ginawa irin na garinsu, har ya tsara gidaje da makarantu da wurin shaƙatawa a kewaye. Masu kuɗi suka ɗauki akwatin shagunan da filin fakin suka watsar da yawancin sauran, aka yi ta kwafar wannan rabin a ko'ina cikin Amurka sannan duniya. Kafin ya mutu a 1980 shi da kansa ya fito fili ya barranta da abin da mol ya zama.

Rashin tagar kuma da gangan ne. Bangon da za a huda taga bango ne da za a jingina kanta, sannan ba a so ka ga rana ta yi ƙasa ka tuna gida.

Bishiya a kan dakin, wato rufin siminti? Ba za ta rusa ginin ba?

Za ta rusa mana in aka yi da ka. Ga lissafin a sauƙaƙe, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin mita 1 a kan murabba'in mita 1 tana kai kusan tan 2, alhali dakin ɗin gidan zama galibi ana lissafa masa kayan da bai wuce kilo 150 zuwa 200 ba a wannan faɗin. Ka ga kusan ninki goma ke nan, tun ba a sa nauyin bishiyar da mutanen da za su zauna ƙarƙashinta ba. Shi ya sa ba a gama gini sannan a ce bari mu yi lambu a sama, injiniya ne zai ƙara rodi da kaurin bim, wato gungumen simintin da ke ɗauke da dakin ɗin, tun farko, kuma manyan itatuwa ana saita su ne daidai kan fila, wato ginshiƙi, don nauyin ya sauka kai tsaye zuwa fandisho.

Abin da ke ƙarƙashin ciyawar nan da kake gani shi ne ainihin aikin. A kan simintin akwai shimfiɗar hana yoyo, a kanta wata leda mai kauri da saiwa ba ta iya hudawa, sai wani faranti mai ramuka-ramuka ko tsakuwa da rarar ruwa ke bi ta gangara zuwa bututu, sai yadi mai tacewa don kar laka ta toshe hanyar ruwan, sai a ƙarshe ƙasar shuka, ita ma ba jar ƙasar gona ba ce, ana cakuɗa ta da abubuwa marasa nauyi kamar dutsen aman wuta mai huhu ko gasasshen yumɓu. Ciyawa da ƙananan tsirrai santimita 10 zuwa 15 ya ishe su, bishiya kuwa tana son wajen mita guda. Kafin a zuba komai ana toshe magudanan a cika rufin da ruwa a bar shi ya kwana a ga ko zai ɗiga. Wanda ya tsallake wannan gwajin, ranar da ruwa ya fara ɗiga kan atamfofin mai shagon ƙasa sai an kwashe lambun gaba ɗaya kafin a gano ramin.

Mai kuɗin fa, me zai samu? Ai filin da aka ba bishiya shago ne aka rasa.

Gaskiya ne an rasa shago, ba sai an ɓoye ba. Amma abin da mai mol yake sayarwa a zahiri ƙafar mutane ce da daɗewarsu. Wanda ya samu wurin zama ya huta, yara suka yi wasa, shi ne zai sayi ruwa, ya sayi abinci, ya tashi ya sake zagayawa. Shagon da ke kallon lambu kuma, musamman gidan abinci, hayarsa ba ɗaya ba ce da na lungu. Sannan yanzu da mutum zai iya sayen takalmi ta waya yana kwance, dole a ba shi wani dalilin fitowa, a Amurka mol nawa ne suka mutu suka zama kango. Rufin da ke da ƙasa da ganye kuma ba ya ɗaukar zafi kamar tsiraran siminti, to hawan da ke ƙarƙashinsa bai buƙatar sanyin na'ura da yawa.

Wani Ba'amurke William Whyte ya kafa kyamarori a dandalolin birnin Niyok a shekarun 1970 yana kallon inda mutane ke taruwa da inda suke gudu. Abin da ya gano ba wani abin mamaki ba ne, wurin zama, itatuwa, ruwa, mai sayar da abinci a kusa, da kujerar da mutum zai iya ja ya juya yadda yake so. Dandali mai kyau a hoto wanda ba inda za a ɗora mazaunai kuwa fayau yake wuni.

Ina ganin hotunan wani a Singafo mai ruwa na zubowa daga rufi, shi fa?

Jewel ke nan, a filin jirgin saman Changi, Moshe Safdie ne ya zana, an buɗe a watan Afrilun 2019. Ruwan yana zubowa ne daga wata ƙofa a tsakiyar rufin gilashi, tsayin mita 40, ga itatuwa sama da 2,000 a kewaye hawa-hawa, shagunan na bayan dajin. Kuɗin da ya ci dalar Singafo biliyan 1.7. Abin kallo ne wallahi, ba musu. Amma ni ba na ba ɗalibi shi a matsayin abin koyi, don daji ne a cikin kwalba, komai nasa a kan wuta yake, sanyin, famfunan da ke mayar da ruwan sama, duk. Ƙasar da ake samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara kuma wuta ba ta ƙiftawa ita za ta iya wannan. A kalla a yaba a wuce.

Shin filin na jama'a ne da gaske, tunda mai shi ɗan kasuwa ne?

Nan ne gizo ke saƙar. Amsar gaskiya, a'a, ba kamar titin gwamnati ba ne. Ɗauki Liverpool ONE a Ingila, wanda aka buɗe a 2008. Maimakon akwati rufaffe sai aka yi shi tituna a buɗe da suka haɗe da sauran gari har zuwa bakin ruwa, aka ɗora lambun Chavasse Park a kan wurin fakin, motoci a ƙasa mutane a kan ciyawa. A zane aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma filin gaba ɗaya hukumar birnin ta ba kamfanin Grosvenor haya ta shekara 250, masu gadin kamfani ne ke sintiri, kuma tun lokacin masu suka suke tambaya, titin da kamfani zai iya hana ka raba takarda ko yin zanga-zanga a kai, titi ne?

A Amurka har kotun ƙoli maganar ta je. A 1980, a shari'ar Pruneyard, wasu 'yan makarantar sakandare a Kalifoniya da masu gadi suka hana tattara sa hannu a cikin wani rukunin shaguna, kotun ta ce jiha tana da ikon ba mutane wannan 'yancin ko da wurin na ɗan kasuwa ne. Amma jihohi ƙalilan ne suka bi wannan hanyar.

Don haka in hukuma za ta ba da fili ko izinin gini bisa alkawarin za a yi wa jama'a dandali, a rubuta shi a takarda, ƙarfe nawa ake buɗewa, ba kuɗin shiga, ba a korar wanda bai sayi komai ba, ba za a mayar da shi shaguna bayan shekara biyu ba. Alkawarin baki a wannan harkar sunansa babu.

A irin zafinmu da ƙarancin ruwa, wannan ba mafarki ba ne?

In Osaka ko Singafo za a kwafo, mafarki ne. Kano tana samun wajen milimita 800 zuwa 900 ne a shekara kuma kusan duk a cikin wata huɗu, Yamai ma ba ta kai haka ba. Shimfiɗa koriyar ciyawa irin ta filin ƙwallo a nan zubar da ruwa ne kawai, zuwa watan Maris ta ƙone. Mu abin da muke nema inuwa ce, kuma bishiyar da aka dasa a ƙasa, ba a kan rufi ba, in ta kama bayan shekara biyu zuwa uku ita ke nemar wa kanta ruwa.

Ruwan rainon kuma yana nan ana zubar da shi. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, to rufin kwano mai murabba'in mita 10,000 in aka yi ruwan milimita 800 ya tara lita miliyan 8, wanda yanzu kwata yake bi ya je ya cika wa maƙwabta layi. Ko kaɗan daga ciki aka tare a tankin ƙasa ya rage wani abu. Ga ruwan da na'urorin sanyi ke ɗigarwa wuni guda, ga ruwan alwala na masallacin wurin, wanda kusan tsaftatacce ne, bututu ɗaya zai kai shi gindin itatuwa maimakon gwata.

Wace bishiya ta dace?

Darbejiya dai kowa ya san ta, daga Indiya aka kawo ta amma ta zama 'yar gida, tana jure fari kuma akuya ba ta cika damunta ba. Maɗaci yana yin inuwa mai faɗi sosai, tsamiya ma haka sai dai tana da nawar girma. Mangwaro inuwarsa ba ta da na biyu amma ka shirya wa jifan yara da gilashin motoci. Ceɗiya da durumi da gamji a ba su fili nesa da gini da bututun ruwa da sokawe, saiwarsu ba ta da kunya. Gawo shi nasa a juye yake, da damina yake zubar da ganye da rani ya yi kore, wanda a wurin zama ba laifi ba ne don lokacin ake neman inuwar. Itacen turare dogo ne kawai ba inuwar kirki ga shan ruwa. Dabinon ado da ake jerawa a ƙofar filaza kuwa kyau ne a hoto, ka tsaya ƙarƙashinsa da azahar ka gani.

Kuskuren da ya fi yawa ba a zaɓen iri yake ba, a ramin yake. Za ka ga an malale fili duka da intalok, an bar wani ɗan rami da bai fi faranti ba, an cusa dashe a ciki, ƙarƙashinsa duk ɓaraguzan bulo da ragowar siminti, rana ta gasa daɓen ya gasa saiwar, wata uku sai sanda a tsaye, sai a ce ai wurin ba ya karɓar bishiya. Rami ya yi aƙalla mita guda ta kowane ɓangare, a cire ɓaraguzan a zuba ƙasa da taki, a bar masa baki a buɗe, a karkata daɓen yadda ruwan sama zai gangaro gindin, a kewaye shi da raga.

Akwai misali a kusa da mu?

Akwai mai kyau ma. Kasuwar Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, wadda Mariam Kamara, 'yar Nijar mai zanen gini, ta tsara aka kammala a 2018. Da kasuwar mako ce da take ci a kewayen wata tsohuwar bishiya. Ba ta sare ta ba, sai ta mayar da ita cibiyar wurin, aka yi wurin zama a kewayenta, rumfunan aka gina su da bulon ƙasa matsattse wanda ba ya ɗaukar zafi kamar na siminti. Da yake itatuwa na wahalar tashi a yankin, sai ta yi wasu faya-fayan ƙarfe masu launi-launi a kan sanduna, wani sama wani ƙasa, suna jefa inuwa a layukan iska kuma na wucewa ta tsakaninsu. Ba mol ba ne, ba lif ba gilashi, amma duk tambayoyin da Jerde ya amsa a Osaka ita ma ta amsa su da kayan da ke hannunta. A Kudugu ta Burkina Faso ma akwai babbar kasuwa ta bulon ƙasa da ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 2007.

Za a iya rage dogaro da na'urar sanyi da janareta?

Za a iya ragewa, kawarwa gaba ɗaya kuwa da wuya a babban kanti. Wanda ake yawan ambata shi ne Eastgate a Harare ta Zimbabuwe, shaguna da ofisoshi, Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, ya ce daga surin gara ya ɗauko tunanin. Da dare fankoki na jawo iska mai sanyi ta ratsa cikin simintin benayen ya sha sanyi, da rana ya riƙa sakinsa, iska mai zafi kuma ta fice ta bututun hayaƙi a rufi. Amma a lura, Harare tana kan tudu wajen mita 1,500, darenta da sanyi. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu daren ma zafi ne, to dabarar ba za ta ba da abin da ta bayar can ba. Abin da zai yi aiki shi ne a bar layukan tafiya da wuraren zama a buɗe cikin inuwa, bango mai kauri, a kauce wa gilashi ta yamma, sanyin na'ura a bar shi cikin shagunan da suke buƙata kawai.

Sauro da macizai da kashin tsuntsaye fa?

Sauro ruwan da ke kwance yake so, don haka ko dai ruwan ado ya riƙa gudu ko a haƙura da shi, kuma ni a nan haƙurin na fi ba da shawara. Maciji duhuwa yake bi, a ɗage rassan ƙasa a bar gindin itatuwa a share, hakan ma ya fi wa masu gadi don suna hango ko'ina. Tsuntsaye kam sai shara. A sa albashin mai lambu da mai shara a kasafin kowane wata kamar yadda ake sa na dizal.

Ni ƙaramar filaza zan gina, shago 20 zuwa 30, me zan iya yi?

Kafin komai ka zaga filin ka ga itatuwan da ke ciki, ka ce wa mai zanen ya zagaye su, don bishiya mai shekara 30 ba a sayenta a kasuwa, kuma lokacin gini a kewaye gindinta kar lebura su riƙa kwaɓa siminti a wurin. Ka jera shagunan su kewaye tsakar gida maimakon dogon layi ɗaya mai kallon titi, fakin ya koma gefe ko baya, baranda ta yi faɗin da mutum biyu za su wuce ko mai shago ya fito da kaya. A tsakar gidan bishiya biyu ko uku, dakali a gindinsu, famfo, wurin alwala da sallah, banɗakin mata daban da na maza. Ka ware wa mai shayi da mai suya da mai ƙosai wuri da kanka tun a zane, da wurin zuba shara da inda hayaƙi zai bi, don ko ka ware ko ba ka ware ba za su zo, gara su zo inda ka shirya musu. Sannan ka rubuta a yarjejeniyar haya cewa tsakar gidan ba ta haya ba ce, don shekara ba za ta zagayo ba sai wani ya zo maka da maganar a ba shi nan ya ajiye kwantena.